Littattafan Nigel Tranter: da wanne za ka fara?

Marubucin da ya bar littattafai sama da 100, ba a faɗa wa kasuwarsa da ka. Nigel Tranter ɗan Sukotland ne, an haife shi a Glasgow a 1909, ya rasu a 2000. Yawancin aikinsa mayar da tarihin ƙasarsa labari ne. Yana tafe a bakin teku a ƙauyen Aberlady yake rubutu a 'yan ƙananan takardu, in ya koma gida ya buga.

In kuɗinka na littafi ɗaya ne, ni dai The Bruce Trilogy zan ce ka ɗauka. Asali littattafai uku ne da suka fito a 1969 da 1970 da 1971, daga baya aka haɗe su a bango ɗaya. Labarin Robert Bruce ne, wanda ya hau sarautar Sukotland a 1306, ya sha gudun hijira, sannan ya karya rundunar Ingila a Bannockburn a 1314. Duk mai jin daɗin labarin sarauta da cin amana tsakanin manyan gari, ya samu abin karatu. Haɗaɗɗen ya fi sauƙin kuɗi kan sayen ukun daban-daban, sai dai kaurinsa kamar bulo, ba na sakawa a aljihu ba ne. Ka kuma lura da masu sayar da na hannu a intanet: wani sai ya tallata juzu'i na biyu kaɗai, kai kuwa kana zaton duka ne.

Wanda ba shi da juriyar doguwar tafiya, The Wallace na 1975 ya ishe shi. Littafi ɗaya ne, kan William Wallace, jagoran 'yan Sukotland da ya ci Ingila da yaƙi a gadar Stirling a 1297, aka kashe shi a Landan a 1305.

The Fortified House in Scotland kuwa, juzu'i biyar ne kan gidajen ganuwa, da zanen hannunsa a ciki. Na masu bincike ne, kada ka saye shi don hira.

Turancinsa na da ɗan nauyi, mutanen cikin labarin kan yi magana da karin harshen Sukotland. Kafin ka biya, nemi shafi biyu ka karanta tukuna.