Ziyarar Ɗa'ifa daga Makka: mota lafiya, amma shagon turare ya cinye mana yini

Kwana huɗu bayan mun gama Umara, ni da Hajiya da ƙanwarta da wani maƙwabcinmu na Garwa muka yi karo-karo muka ɗauki mota zuwa Ɗa'ifa. Wani ofishin ziyara a ƙasan masaukinmu ne ya haɗa mu da direba, riyal 400 zuwa da dawowa, wato sefa dubu 60 da 'yan kai. Direban haifaffen Makka ne, jikan Hausawan da suka zo da ƙafa tun zamanin da. Hausarsa rabi Larabci ce, amma mun fahimci juna.

Ya zo bayan asuba kamar yadda aka yi alkawari, mota tsaf, sanyi na aiki. A nan ban da ta cewa.

Tafiyar kusan kilomita 90 ce ta hanyar Hada. Wanda ya taɓa hawa falez, wato dutsen nan na hanyar Ngaundare, ya san irin kwanar, sai dai wannan ta fi tsayi nesa ba kusa ba, don Ɗa'ifa ta haura mita 1,800. Har birai ga su a bakin titi suna jiran ayaba, kamar namu. Hajiya salati kawai take yi har muka kai sama. Muna fitowa iska mai sanyi ta buge mu, ni da na saba da zafin Garwa na watan Afrilu sai da na nemi mayafi.

Mun yi salla a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, wanda ya rasu a garin a shekara ta 68 bayan Hijira. Abin da ya kawo ni kuwa masallacin Addasu ne. Tun muna makarantar allo Malam yake ba mu labarin yadda Manzon Allah (SAW) ya zo garin nan a shekara ta 10 da aiko shi tare da Zaidu ɗan Harisa, mutanen Saƙifa suka sa yara suka jefe shi har ƙafafunsa suka yi jini, ya fake a wata gona. Addasu, bawa Kirista mutumin Ninawa, garin Annabi Yunusa, shi ya kawo masa inabi. Ina tsaye ina tuna wannan, ko minti goma ban yi ba, direba ya fara danna oda: “Alhaji, yalla, a zo mu tafi!”

Ina muka nufa da wannan sauri? Wurin da ake tatsar turaren wardi. Awa ɗaya da rabi muka yi. Tukwanen tagullar abin kallo ne, ƙanshin ma ba ƙarya, amma yadda mai shagon ya rungume direba ya kawo masa shayi, na gane akwai la'ada a ciki. Matan kuwa ko a jikinsu, sun cika jaka da ruwan wardi na tsaraba.

Zan sake ɗaukar motarsu, amma tun a ofis zan gindaya minti nawa za a yi a kowane wuri. Ku kuma tafi da haraminku idan kuna son wata Umarar, don a hanyar dawowa ana bi ta miƙatin Wadi Muharram. Babu wanda ya gaya mana. Maƙwabcina kaɗai ya zo da nasa a leda, muka zauna a mota muna jin sa yana ta Labbaika har Makka.