Daga Mile 12 Zuwa Agege: Yadda Na Ga Aikin Masu Akori-Kura Da Ke Kawo Kayan Gwari

Tsakanin kasuwar Mile 12 da Agege a Legas babu wata tazara mai yawa, amma hanyar cike take da mahaɗu waɗanda kowace ɗaya za ta iya cinye wa mutum safiyarsa, ko ta jawo masa asarar kwandon tumatir. Wannan ne ya sa masu sayar da kayan miya da dama a unguwarmu suka daina cusa kayansu a bayan danfo, wato ƙananan bas-bas na haya, suka koma wajen wani ƙaramin kamfani na matasa 'yan Arewa masu motocin akori-kura, wanda ke ɗauko kaya daga kasuwa ya sauke wa kowa a ƙofar shagonsa. Ina cikin waɗanda suka daɗe suna hulɗa da su, kuma ra'ayina shi ne ingancin aikinsu ya rataya ne kacokan a kan abubuwa biyu: direban da aka haɗa ka da shi, da lokacin da motar ta bar kasuwa.

Tsarin nasu ba shi da wuyar ganewa. Da daddare za ka aika saƙo ta WhatsApp ka faɗi yawan kwanduna da buhunan da kake sa ran saye, da asuba kuma idan ka gama ciniki sai yaron mota ya rubuta sunanka a jikin kayan, 'yan dako su loda. Ana biyan rabin kuɗi a kasuwa, sauran kuma idan kaya sun sauka. Wanda ya ga dama yana iya zama a gaba kusa da direba, kuma a nan ne na san bambancin da ke tsakanin direbobinsu.

Gwajin farko yana Ketu. A nan titin Ikorodu yake haɗuwa da masu fitowa daga lunguna da kasuwar 'ya'yan itace, ga layin da aka keɓe wa manyan bas-bas na BRT, ga danfo da ke tsayawa ɗaukar fasinja duk inda kwandasta ya hango mai ɗaga hannu, ga masu tsallaka titi a guje alhali gadar masu tafiya a ƙasa tana sama da kansu. Dattijon cikin direbobin, wanda kowa ke kira Baba, yana kama layi ɗaya tun daga nesa, ya bar tazara tsakaninsa da motar gaba, ba ya canza hannu ko da na baya sun cika shi da oda. Wata safiya na ce masa, “Baba, ga gefen can yana tafiya.” Sai ya ce, “Alhaji, gefen can na masu sauke fasinja ne, yanzu za ka ga ya tsaya. Birki ɗaya mai ƙarfi ya isa ya mayar maka da kwandon ƙasa miya.” Kafin mu kai ƙarƙashin gada kuwa layin ya tsaya cak, mu muka wuce.

Daga nan akan hau babbar hanyar Legas zuwa Ibadan a nufi Ojodu Berger, kuma wannan yankin ne ya fi ba ni tsoro, domin a nan ƙananan motoci ke cakuɗuwa da tankoki da tireloli masu kwantena. Gangaren gadar Otedola ba baƙo ba ne ga duk wanda ya zauna a Legas: a ranar 28 ga Yuni, 2018, tankar mai ta kama da wuta a wurin, motoci fiye da 50 suka ƙone, aka kuma rasa rayuka. Haka nan a Janairun 2023 kwantena ta faɗo kan wata ƙaramar bas a Ojuelegba, mutum tara suka mutu. Abin da na yaba wa kamfanin shi ne sun mayar da shi doka cewa direbansu ba zai jera kafaɗa da kafaɗa da motar kwantena ba, kuma ba zai tsaya dab da bayan tanka a kan hawa ba. Na ga har matasan cikinsu suna kiyaye wannan. A Berger kanta, gadar masu tafiya a ƙasa da aka buɗe a 2017 zamanin gwamna Akinwunmi Ambode ta rage masu ratsa titi, sai dai kasancewar wurin ƙofar shiga Legas ce daga jihar Ogun ya sa cunkoson masu sauka da masu hawa bai ƙare ba, kuma wanda ya iso bayan ma'aikata sun fito sai ya yi haƙuri.

Tsakanin Omole da Ogba babu abin faɗa sosai in ban da keke Napep da ke kutsawa ta kowace kafa.

Mahaɗar Pen Cinema da ke Agege kuwa ta canza. Waɗanda suka san wurin a da suna tuna yadda motocin titin Iju da na Oba Ogunji ke cushewa a kusa da layin dogo, a yi ta jira babu gaba babu baya. Gadar sama mai tsawon kilomita 1.4 da gwamna Babajide Sanwo-Olu ya buɗe a Maris ɗin 2021 ta sauƙaƙa ƙetarewa zuwa wajen Oke-Koto, kuma direbobin kamfanin ita suke bi ko da shagon mai kaya ya fi kusa ta ƙasa. Na goyi bayansu a kan haka, musamman idan aka tuna da hatsarin mahaɗar jirgin ƙasa ta PWD a Ikeja a Maris ɗin 2023, inda jirgi ya yi awon gaba da bas ɗin ma'aikatan gwamnati, mutum shida suka rasu. Yanzu da jirgin ƙasa na cikin gari da ake kira Red Line ya fara ɗaukar fasinja tun Oktoban 2024, har da tasha a Agege, zirga-zirga a kan dogon ta ƙaru. Shi dai bai bi ta Mile 12 ba, don haka bai rage mana komai ba a harkar kaya.

Inda nake da ƙorafi shi ne zuwa na biyu, wato lodin da ke barin kasuwa da hantsi. Wannan yakan faɗa hannun matasan direbobi, waɗanda wasunsu tsofaffin 'yan acaɓa ne da suka sauya sana'a bayan gwamnati ta faɗaɗa haramcin okada zuwa Kosofe da wasu ƙananan hukumomi a Satumban 2022. Sun san lunguna kamar tafin hannunsu, amma har yanzu da zuciyar mai babur suke tuƙa mota mai ɗauke da kaya. Ɗaya daga cikinsu ya taɓa shiga hannun da ba nasa ba a kusa da Ogba don ya tsere wa cunkoso, alhali dokar sufuri ta jihar Legas ta 2018 ta ba da damar ƙwace motar da aka kama da wannan laifi. Da jami'an LASTMA, masu kula da zirga-zirgar motoci a Legas, sun tare shi a ranar, da kayan mutane da yawa sun yini a rana. Na kai ƙara wajen mai kula da motocin, ya ce, “Ka yi haƙuri, Alhaji, za mu ja masa kunne,” kuma ban sake ganin ya yi haka ba, amma gaggawar tana nan.

Akwai kuma matsalar lodi. Idan masu kaya sun yi yawa, sukan ɗora kwando a kan kwando ba tare da katako a tsakani ba, su jibga buhunan albasa a gefe, ta yadda duk wani birki a mahaɗa na ƙasa ne ke shan wahala. Sun taɓa biyana wani ɓangare na kuɗin kwandon da ya dagargaje ba tare da jayayya ba, wanda ba kowane mai mota zai yi ba, sai dai babu rubutacciyar ƙa'ida a kan diyya. Tamfol ɗin wasu motocin ya yage, abin da ba ƙaramin aibi ba ne a garin da damina ke da tsawo. Farashi ma, tun bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, sai a wayi gari an ƙara ba tare da sanarwa ba, kuma kuɗin da ake ba 'yan agbero, wato 'yan kamasho, a tashoshi a kan mai kaya yake komawa, babu rasit.

Duk da haka ban ga dalilin komawa danfo ba. Mai sayen tumatir da tattasai da attaruhu ya nemi gurbi a lodin asuba, ya tambayi sunan direban tun da daddare, ya kuma tsaya a wurin har a ɗora kwandunansa a sama. Albasa da doya da dankali, waɗanda ke jure rana da girgiza, su ne nake bari a zuwa na biyu, kuma ko su ɗin ba na aikawa ranar Juma'a, saboda yadda masu barin gari ke cika Berger tun daga azahar.