Ƙarin kayan da na sa wa motata, da waɗanda na bar wa kamfani

Duk wanda ya taɓa yin odar motar gudu sabuwa dal ya san cewa kuɗin da ake rubutawa a talla na gundarin motar ne kawai. Bayansa akwai doguwar takarda ta ƙarin kaya, tun daga birki har zaren da za a ɗinke kujera da shi, kuma kowane layi da nasa kuɗin. Mutum na iya tara kayan da kuɗinsu zai sayi wata ƙaramar mota bai ankara ba. Tawa mai kujera biyu ce, ƙafafun baya ke tura ta, kuma ba ta ajiya ba ce. Ita nake shiga cunkoso da ita, ita nake tafiyar nesa da ita, lokaci-lokaci kuma in kai ta filin tsere a ranakun da ake buɗe wa masu motocin gida. Na jima da ita sosai, har na iya bambance kayan da suka biya kuɗinsu da waɗanda kyansu ya tsaya a kan takarda.

Tambaya biyu na riƙa yi wa kowane layi kafin in amince. Zan ji abin nan a jikina duk sanda na tuƙa motar? Kuma idan na bar shi yau, za a iya sa mini shi daga baya? Abin da ake ji kullum, kuma sai a masana'anta ake iya haɗa shi, shi ya fi cancantar kuɗi.

Da wannan ma'aunin, shokazoba mai sauya tauri ne ya zo na ɗaya, kuma har yau shi ne abin da na fi gode wa a motar. Motar gudu tana zuwa da sifirin mai tauri don kada ta kwanta gefe a kwana. Shokazoba na gama-gari tauri ɗaya gare shi, injiniya ya zaɓi tsaka-tsaki ya tsaya a nan, saboda haka a hanya mai gargada ya yi tauri da yawa, a filin tsere kuma ya yi laushi da yawa. Mai sauyawar yana da na'urorin da ke auna motsin ƙafafu da juyin sitiyari da taka birki, sai kwamfuta ta buɗe ko ta tsuke ƙofar da mai ke bi a cikinsa, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Akwai ma wani nau'i da ake kira MagneRide, wanda ya fara fitowa a Cadillac Seville STS a 2002 kafin ya shiga Corvette da Ferrari 599 da Audi R8. Shi man da ke cikinsa yana ɗauke da ƙananan ƙwayoyin ƙarfe, da zarar an saki wuta a maganaɗisu sai su jeru, man ya yi kauri nan take. Abin da wannan ke nufi ga direba shi ne, a doguwar tafiya motar tana shanye ƙananan ramuka da haɗin kwalta ba tare da ta jijjiga ƙashin baya ba, amma da na shiga kwana da gudu sai ta ɗaure, ta tsaya cak a kan ƙafafunta. Na tuƙa irin tawa marar wannan shokazoba a wurin dila kafin in yanke shawara, kuma bambancin bai buƙaci wani bayani ba. Aibinsa ɗaya: ranar da ya gaji, canjinsa ya fi na gama-gari tsada. Na san da haka na ɗauka.

Dila ya so ƙwarai in ƙara girman wili da inci ɗaya. Ban yarda ba, kuma a nan nake ganin masu saye da yawa suna biyan kuɗi don su rage wa motarsu daɗi. Tsayin ƙafar, wili da taya a haɗe, ba ya canjawa, don haka idan wili ya girma, gefen taya ne ke sirancewa. Wannan gefen robar shi ne farkon abin da ke shan dukan hanya kafin ya kai ga sifirin. Idan ya zama siriri, rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya lanƙwasa wili ko ya kumbura taya. Sannan babban wili yawanci ya fi nauyi, kuma nauyin da ke ƙasan sifirin shi ne mafi cutarwa a mota, domin shokazoba ne zai yi ta fama da shi wajen mayar da taya kan kwalta bayan kowane tsalle. Idan za a kashe kuɗi a ƙafa, a nemi wili mara nauyi, irin wanda aka matse ƙarfensa maimakon a narka a zuba, a kuma tambayi wace taya za a ɗaura. Taya mai kyau tana sauya mota fiye da rabin abin da ke cikin waccan takardar. A dai tuna cewa tayoyin gudu na lokacin zafi ne, robarsu tana ƙandarewa ta rage kamu idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7 ko makamancin haka.

Na biyu a wurina shi ne difarenshal mai hana ƙafa ɗaya zamewa. Ba a ganinsa, ba ya ƙara, ba a nuna wa abokai shi, shi ya sa ake yawan tsallake shi. Difarenshal shi ne tarin haƙoran ƙarfe da ke tsakiyar aksil, wanda ke bai wa tayar waje damar juyawa fiye da ta ciki a kwana. Na gama-gari yana da hali guda: ƙarfin inji yana gudu ne zuwa tayar da ta fi sauƙin juyawa. A kwana nauyin mota yana komawa waje, tayar ciki ta yi sakayau, da ka taka totur sai ita ta kama juyi a banza, motar ta tsaya tana jira. Mai hana zamewar yana ɗaure ƙafafun biyu gwargwado, ya tura ƙarfin zuwa tayar da ke da kamu. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun a shekarun 1930 kamfanin ZF na Jamus ya ƙera irinsa don motocin tseren Auto Union. Wasu motocin suna kwaikwayonsa ta hanyar taka wa tayar da ke zamewa birki, yana aiki daidai gwargwado, amma yana zafafa birki kuma ba ya ba da wannan turawar mai santsi da ake ji a ƙugu idan ana fita daga kwana. Ni a ranar ruwan sama na fi sanin darajarsa, lokacin fita daga mahaɗar hanya, inda motar ke tafiya gaba kai tsaye babu wutsil-wutsil.

Birkin kabon da siramik shi ne layi mafi tsada a takardata, kuma na bar shi. Ba don ba shi da kyau ba. Farantinsa bai wuce kusan rabin nauyin na ƙarfe ba, yana jure zafi, ba ya tsatsa, ba ya baɗe wili da baƙar ƙura, kuma a tuƙin yau da kullum yana daɗewa ƙwarai. Asalin birkin kabon daga jiragen sama da motocin tseren Formula 1 ne, Porsche ya kawo na siramik cikin motar titi da 911 GT2 a 2001, Ferrari Enzo ta biyo baya a 2002. Sai dai mutane da yawa suna saye da zaton motar za ta fi saurin tsayawa. A taka birki ɗaya daga gudu, taya ce ke yanke nisan tsayawa, domin birkin ƙarfe na motar gudu ma yana da ƙarfin da ya wuce kamun tayar. Fifikon siramik yana bayyana ne idan an yi ta taka birki da ƙarfi a jere har ƙarfe ya fara gajiya. To kuma masu yawan zuwa filin tsere, waɗanda ya kamata su fi kowa amfana, da yawansu cire shi suke yi su sa na ƙarfe, saboda zafin filin yana cin farantin, kuɗin canjinsa kuma ba kaɗan ba ne. Tsakuwa ma tana iya ɓantare gefensa, ko garajen wanda bai iya cire wili ba. Na zauna da na ƙarfe, ina canja man birki a kan lokaci, ban taɓa jin ya gaza mini ba.

Giya kuwa ba ni da hurumin yanke wa kowa hukunci. Otomatik mai kuloci biyu ya fi hannun kowane direba sauri, domin giya ta gaba tana riga ta shiga tana jira a kan kuloci na biyu. Porsche ya gwada shi a motocin tserensa na 956 da 962 a shekarun 1980, Volkswagen ya fara sayar da shi a Golf R32 a 2003. Wanda cunkoso ya yi wa yawa, ko mai neman rage daƙiƙa a filin tsere, shi ya dace da shi. Ni giyar hannu na ɗauka, don abin da nake nema a motar shi ne in sa hannu da ƙafa a cikin tafiyarta. Ba ni kaɗai ba ne: da Porsche ya fitar da 911 GT3 a 2013 babu giyar hannu, masu saye sun yi ta ƙorafi har aka dawo da ita a 2017.

Akwai ƙaramin abu da ban zaci zan riƙa taɓawa kullum ba, wato na'urar ɗaga hancin mota. Maɓalli ne, ka danna gaban motar ya tashi kamar santimita 4, ka haye tudun rage gudu ko gangaren shiga gareji ba tare da bamba ya goga ƙasa ba. A Corvette ta 2020 zuwa sama har tana iya haddace wurare 1,000 ta GPS, ta ɗaga kanta idan ta iso. Duk motar da ƙasanta ya kusa da kwalta, a sa mata. Haka kyamarar baya da fitilu masu ƙarfi, domin a irin waɗannan motocin kana zaune ne ƙasa-ƙasa, gilashin baya kuma ɗan mitsitsi ne.

Kujera ita ce inda zan roƙi mai saye kada ya zaɓa daga hoto. Kujerar kabon mai siffar kwando tana da kyau a ido, ba ta da nauyi, tana riƙe jiki gam a kwana. Amma yawancinsu bayansu ba ya kwantawa, gefensu yana da tsayi, shiga da fita sai da dabara, kuma an ƙera su ne da wani jiki a zuciya wanda ba lallai ya zama naka ba. Kujera kamar takalmi ce, wanda ya yi wa wani daidai yana iya matse ka. Na zauna a cikin kowace irin da dila ke da ita, na daɗe a ciki, sannan na ɗauki ta tsakiya mai daidaita ƙugu da gefen cinya. Bayan tafiyar yini guda ina fitowa bayana lafiya lau, kuma wanda ke zaune kusa da ni bai taɓa kokawa ba, wannan ma abin dubawa ne ga wanda ba shi kaɗai zai riƙa hawa ba.

Salansa mai buɗe murya na sa, kuma hukuncina a kanta rabi da rabi ne. Tana da bawul da ke buɗewa idan an danna maɓalli, a hanyar da babu kowa tana faranta rai. Amma ba ta ƙara wani ƙarfin a-zo-a-gani, a doguwar tafiya gunjinta yana gajiyar da kunne har in rufe ta, kuma tun wajen 2018 matatar hayaƙin da dokokin Turai suka sa aka ƙara wa injinan fetur ta rage wa motoci da yawa murya. Ita ce kuma abu mafi sauƙin sawa daga baya. Wanda kuɗinsa ya takura, ya fara da barin ta.

Adon kabon a cikin mota, bel mai launi, tambarin kamfani a matashin kujera, fentin madubi daban, duk na wuce su ban tsaya ba. Launin motar kansa ne kawai na yarda a biya wa, tunda shi za ka gani kowace safiya.

Kayan da ake haɗawa a dunƙule su ma a duba cikinsu da kyau. Wasu haɗin na gaskiya ne, kamar Z51 na Corvette, wanda ya tattara birki mafi girma da difarenshal mai aiki da lantarki da ƙarin sanyaya inji da tayoyin gudu, abubuwan da ke aiki tare. Wasu kuma abu ɗaya mai amfani ne aka ɗaure da ado huɗu. Ka nemi dila ya rubuta maka abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, ka tambaya ko ana sayar da wanda kake so shi kaɗai. Kada kuma a rinjaye ka da cewa kayan za su dawo da kuɗinsu ranar sayarwa. Mai sayen mota ta hannu yakan nemi shokazoba mai sauyawa da na'urar ɗaga hanci da kujera mai kyau, samunsu yana sa motar ta fita da wuri, amma kaɗan ne daga kuɗin ke dawowa, na ado kuwa kusan babu. A sanar da kamfanin inshora duk abin da aka ƙara tun ranar farko, domin idan wani abu ya faru, abin da ke rubuce a takardarsu shi za su biya.