Hattara da mai "hanya a Abuja" da ke cike wa ɗalibai fom ɗin rancen karatu

Salamu alaikum jama'ar Zariya, musamman iyaye da yayyen da ke da yara a manyan makarantu. Abin da zan faɗa a gidanmu ya faru, ba a majalisa na tsinto shi ba.

Akwai wani saurayi da ke yawo a gurufan WhatsApp na ɗalibai yana cewa shi wakilin NELFUND ne, wato hukumar gwamnatin tarayya da ke ba ɗalibai rancen karatu, wai yana da mutum a ofishinsu na Abuja da ke sa a fitar da suna da wuri. Ba zan kama suna ba, don wanda ya ba ƙanwata ma daga baya muka gane na aro ne. Yau ya ce a same shi a wani shagon kwamfuta a Samaru, gobe ya ce yana wajen Gyallesu, jibi ya ce ba sai an haɗu ba, a turo komai ta waya. Bakinsa da zaƙi, kowace magana sai ya haɗa da insha Allahu, kuma kowace yarinya ƙanwarsa ce.

Ƙanwata tana aji biyu. Lokacin rajista ya zo, ni kuma kasuwa ta yi sanyi a Sabon Gari, na ce ta ɗan jira ƙarshen wata. Ita kuwa don ta rage mini nauyi sai ta nemi wannan mutum ba tare da ta gaya mini ba. Ya karɓi 5,000 kuɗin fom, ya ƙara 3,000 wai na hanzartawa. Ta tura masa lambar JAMB, NIN, BVN, hoton takardar shiga makaranta da katinta na ɗaliba. Sannan ya kira ta ya ce wasu lambobi za su shigo wayarta, ta karanto masa. Sau biyu aka yi haka a rana ɗaya. Da yamma ya turo mata hoton shafi mai nuna an karɓi takardunta, ta yi ta godiya har da addu'a.

Watanni suka wuce. Ƙawayenta da suka cike da hannunsu suka fara jin alat na 20,000, ita shiru. Ta kira shi, ya ce sunanta ya maƙale, ta turo 4,000 a sabunta, in ba haka ba za a cire ta gaba ɗaya. A nan ne jikinta ya ba ta. Ta same ni a shago ta ce, "Yaya, ni fa ina jin an cuce ni."

Dubu takwas ɗin da ya karɓa ba su ne ɓarnar ba, a nan nake son a tsaya a fahimta. Da muka bi sawu ta bankinta da ofishin kula da ɗalibai na makarantarsu, kuma Allah Ya saka musu sun saurare mu, sai muka gano fom ɗin an cike shi da gaske, da sunanta da lambobinta. Amma imel ɗin da aka sa ba nata ba ne, kalmar sirrin ma ba ta taɓa sani ba. Asusun da aka rubuta kuwa na irin bankunan nan ne na waya, an buɗe shi da sunanta da BVN ɗinta, amma a wayarsa yake. Lambobin da ta karanto masa su ne mabuɗin. Kuɗin aljihu na wata uku, 60,000, can suka faɗa, ya kwashe.

To kuma wannan kuɗi ba kyauta ba ne, bashi ne. Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar rancen ɗalibai a 2023, aka sake mata fasali a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu na shekarar. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, ba ya bi ta hannun ɗalibi. Na aljihu, 20,000 a wata, shi ne ke shiga asusun ɗalibi, shi ya sa 'yan damfara suka fi sa masa ido. Babu kuɗin ruwa a ciki, wannan ya kwantar wa iyaye da yawa hankali a garin nan, amma ana biya: shekara 2 bayan kammala bautar ƙasa ake fara cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Wanda ya ci kuɗin ya yi gaba, sunan da ke kan bashin na ƙanwata ne. Wani ya ci, wata za ta biya.

Nema kyauta ne. Babu kuɗin fom, babu na hanzartawa, babu wakili a Samaru ko Kongo ko Tudun Wada. Makaranta ce ke tura bayanan ɗalibanta, kuma idan ba ta tura naka ba ko an yi kuskure a lambarka, ofishin makarantar za ka je, ba wani mai hanya da zai gyara maka daga ɗakinsa. Haka nan idan sabuwar shekarar karatu ta shigo, ɗalibi ne ke komawa shafin ya sake nema da kansa. Duk wanda ya ce a biya shi kuɗin sabuntawa ko za a cire suna, barazana ce kawai don ya san yaro na tsoron rasa abin da ya sa rai a kai.

Na san ba kowa ke da kwamfuta ba, kuma yawancin masu shagunan intanet a Samaru mutanen kirki ne, neman halak ɗinsu suke yi. In za ka je, biya kuɗin aiki kawai, ka zauna kusa da mai cikewa, idonka a kan allon. Imel naka, lambar waya taka, asusun da katinsa ke aljihunka. Kalmar sirri kai za ka danna da yatsanka, kuma kafin ka tashi ka tabbata an fita daga shafin. Idan BVN ɗinka ka manta, danna *565*0# a layin da ka yi rajista da shi, kada ka ba wani ya nemo maka. Lambar da ta shigo waya kuwa, ko wa ya ce shi ne, ba a karanto ta.

Wani abin kuma da ke yawo a gurufan nan shi ne sanarwar sikolashif ta bogi da sunan PTDF (asusun bunƙasa fasahar man fetur) ko hukumar tallafin karatu ta tarayya ko ta jihar Kaduna, wadda ke cewa sai ka tura wa guruf biyar kafin fom ya buɗe. Shafin gwamnati da .gov.ng yake ƙarewa, kuma ba ya sa ka talla.

Iyaye, mu ma da laifinmu. Da na zaunar da ita tun farko na ce kawo mu cike tare, da ba ta je wajen bare ba. Kunya ce ta hana ta tambayata, kuma kunya ce ta sa ta yi shiru wata uku.

Yanzu mun kai ƙara wajen 'yan sanda, mun rubuta wa bankin wayar a rufe asusun, kuma muna kan neman a mayar da imel da asusun zuwa nata. Layin da saurayin nan ya kira ta da shi a kashe yake tun makon jiya. Amma shekaranjiya wata ƙawarta ta nuna mini saƙo a gurufin ajinsu, kalma ɗaya ba a canza ba, sai dai sabon suna da sabuwar lamba, kuma kuɗin fom ɗin ya koma 7,000.