Taswirar yaƙin 'yancin Amurka da na saya a Terminus: ta san ƙasa, ta manta da teku

Duk malamin da ya taɓa koyar da tarihin ƙasar da bai taɓa takawa ba ya san wahalar abin. Kana ta kiran sunayen garuruwa, yara sun zuba maka ido, ba wanda ya san gabas balle yamma. Shi ya sa da na ga wannan taswira a wani shagon littattafai kusa da Terminus, nan Jos, ban yi wata-wata ba. Ta bango ce, babba, an lulluɓe ta da leda mai kauri. Jan layi na sojojin Ingila ne, shuɗi na Amurkawa, ga yankuna 13 ɗin da suka yi wa mulkin Ingila tawaye jere a bakin teku. Na ce, "Baba, a yi mini ragi mana." Ya ce, "Albarka, Malama. Ki dai duba da kyau, in ta fita ba ta dawowa." Haka na biya.

Farkon yaƙin an zana shi yadda ya kamata. Ga hanyar da sojojin Ingila suka bi daga Boston ranar 19 ga Afrilu, 1775, za su ƙwace makaman da aka ɓoye a Concord, ga Lexington inda aka fara harbi, ga kuma yadda manoma suka yi ta ɗirka musu harsashi daga bayan katanga a hanyar komawa. Bunker Hill ma yana nan, inda Ingila ta ci tudu amma mutanenta sama da 1,000 suka mutu ko suka ji rauni. Ƙetarewar da George Washington, kwamandan sojojin Amurka, ya yi wa kogin Delaware a daren Kirsimeti na 1776, ya wayi gari a Trenton ya kama Jamusawa sojojin hayar Ingila kusan 900, kibiya ɗaya aka yi mata, ta kuma isa.

Amma Saratoga ne ya fanshe mini kuɗina. A littafi, abin da yaro zai haddace kawai shi ne Janar Burgoyne na Ingila ya miƙa wuya ranar 17 ga Oktoba, 1777, da mutane kusan 6,000. A taswira kuwa sai ka ga dalili da idonka. Ya taso daga Kanada ya nufo Albany ta tafkin Champlain da kogin Hudson, don a datse yankunan arewa daga sauran. Jan layinsa yana ta tsawo cikin daji, abinci yana ƙara nisa a bayansa. Janar Howe, shi ma na Ingila, maimakon ya hauro daga Niyok su haɗu, sai ga tasa kibiyar ta yi kudu zuwa Philadelphia. Wata ɗaliba ta miƙe ta ce, "Malama, ashe shi kaɗai aka bari!" Ban ƙara komai ba. Wannan nasara ce ta sa Faransa ta ƙulla ƙawance da Amurkawa a Fabrairun 1778.

Valley Forge, sansanin da sojojin Washington suka yi hunturu, ɗigo ne kawai, ba bayani. Na faɗa musu mutane kusan 2,000 cuta da sanyi da yunwa suka kashe a sansanin, ba tare da an gwabza ba. 'Ya'yan Jos ne, sun san hunturun Disamba, sai dai nasu ba dusar ƙanƙara.

Inda raina ya ɓaci shi ne Yorktown. An nuna Janar Cornwallis na Ingila a kewaye, an rubuta 19 ga Oktoba, 1781, ranar da ya miƙa wuya, shi ke nan. To me ya hana shi tserewa ta ruwa, alhali Ingila ce sarauniyar teku? Jiragen ruwan Faransa ƙarƙashin kwamandansu de Grasse ne suka kori na Ingila a bakin mashigin tekun Chesapeake ranar 5 ga Satumba, suka toshe hanya. A taswirar nan tekun fili ne fetal, ko kwale-kwale babu, sai tambarin kamfani da aka ɗora a wurin. Sunan Rochambeau ma, wanda ya jagoranci sojojin Faransa na ƙasa, sai ka sa tabarau. Yaron da ya dogara da ita zai ɗauka Amurkawa su kaɗai suka yi aikin.

Haka kuma ba ko alamar baƙaƙen fata, alhali sun yi yaƙi a ɓangarorin biyu. Ingila ta yi wa bayin 'yan tawaye alkawarin 'yanci tun 1775, bayan yaƙin aka kwashe wasu zuwa Nova Scotia da ke Kanada, kusan 1,200 daga cikinsu kuma suka zo suka kafa Freetown a Saliyo a 1792. Ga malami a Afirka ta Yamma wannan ba abin tsallakewa ba ne.

Sa'a ɗaya, ledar tana karɓar rubutun alƙalamin maka kuma tana goguwa, don haka ni na zana jiragen de Grasse da hannuna. Malamin sakandare ko ɗalibin tarihi a jami'a, ya saya, za ta yi masa aiki. Sai dai rubutun ƙanana ne, na bayan aji sai sun taso, igiyar ratayewar kuma siririya ce, a sauya ta tun kafin a kai bango.