Na gama Symphony of the Night, amma Richter yana bina bashi

Daren da na fara ganin sunayen waɗanda suka haɗa wasan gem ɗin Symphony of the Night suna hawa a fuskar talabijin, ban ji daɗin da mutum ke ji in ya kammala abu ba. Watan Disamba ne, sanyin Jos ya sauka sosai, ina ƙudundune cikin bargo a ɗakina a Anguwan Rogo, yatsuna sun ƙage a kan hannun gem. Na hau can ƙololuwar fadar Dracula na tarar da Richter Belmont, ɗan zuriyar masu farautar Dracula, ya ce shi ne mai gidan yanzu. Muka gwabza, na kashe shi. Fada ta rushe, Alucard, jarumin da nake bugawa da shi, ya tsaya daga nesa yana kallo, shi ke nan. Ƙanena da ke kwance a katifa ya ɗago kai ya ce, "Yaya, to ina Draculan?" Na rasa abin da zan ce masa.

Abin da na saya shi ne Castlevania Requiem, wanda kamfanin Konami ya fitar a 2018 don PlayStation 4. Wasanni biyu ne a ciki: Rondo of Blood na 1993 da Symphony of the Night na 1997. Na biyun na fara bugawa, don shi ake ta yabo. Muna yara ba mu san da shi ba. A gidajen gem na unguwa ƙwallo da faɗa kawai ake sawa, ka biya kuɗin wasa ɗaya, in an ci ka ka miƙa hannu ga na gaba. Wa zai ba ka awa talatin kana yawo a cikin gida ɗaya?

Gida ɗaya ne kuwa, amma wane irin gida! Kai ne Alucard, ɗan Dracula da wata mata 'yar Adam mai suna Lisa, ka tashi daga dogon barci don ka rushe gidan ubanka. Kana shiga da takobinka da sulkenka, kana sare manyan kyarkeci da sara ɗaya, har ka fara jin kai wani ne. Sai Mutuwa ta tare ka da laujenta ta kwashe kayan nan kaf. Daga nan da hannu za ka fara dambe da ƙwarangwal har ka tsinci guntun takobi. Wannan farawa ta burge ni, domin an ɗanɗana maka ƙarfin da za ka shafe kwanaki kana nema ya dawo.

Taswira ita ce zuciyar wasan. Kowane ɗaki ka taka sai ya shiga cikinta, kuma ko'ina akwai abin da zai tsaya maka a rai: ƙofa mai shuɗin haske da ta ƙi buɗuwa, wani dandamali da tsallenka bai kai ba, ragar ƙarfe da kake hango kaya a bayanta. Ka sayi dutsen buɗe ƙofa wurin tsohon nan mai tsaron laburare, ka samo ikon rikiɗa zuwa hazo, daga baya jemage, sai duk wuraren da suka gagare ka su dawo maka a ka ɗaya bayan ɗaya. Ina shago da rana a kusa da Taminus ina gyaran wayar mutane, zuciyata tana can tana tuna wani lungu da ban shiga ba.

Wannan halin ne ya hana ni haƙura da ƙarshen da na samu. Na koma na ga ramuka a taswira. Can ƙarƙashin ƙasa na samo sulken da ke karya ƙayoyin ƙarfe, na bi wani dogon lungu mai ƙaya a ɗakin ibada, aka ba ni zoben azurfa. Zoben zinariya kuwa sai da na shiga wani mugun mafarki, inda wata aljana ta ɗauki siffar mahaifiyar Alucard tana ce masa ya tsani mutane. Shi kuma ya gane ƙarya ce, don ya san uwarsa ba za ta taɓa faɗin haka ba. A jikin kowane zobe akwai rabin rubutu. Ka haɗa su sai ka fahimci ana so ka sa su a ɗakin babban agogo. Na sa, agogo ya buga, ƙasa ta buɗe. A can ƙasa Maria Renard, wata budurwa da ta shigo fadar neman Richter, ta ba ni tabarau.

Da na koma wurin Richter sanye da tabaran, sai ga wani koren ƙwallo yana shawagi a saman kansa. Ashe wani matsafi mai suna Shaft ne ke juya Richter. Mutumin da na kashe ba shi da laifin komai, asiri aka yi masa. Wallahi abin ya taɓa ni. Faɗan ya canja gaba ɗaya: yana zabga mini bulala, ni kuma ina kauce masa don kada takobina ya same shi, ina neman ƙwallon. Da ya fashe, gajimare ya yaye, wata fada ta biyu ta sauko daga sama a kife. Ƙanena ya tashi zaune, bargo ya zame masa. Rabin wasa kawai muka gani a da.

Fadar da ke kife ta fi burgewa a ganin farko fiye da a zama cikinta. Gidan da ka haddace ne aka juya, rufi ya koma ƙasa, matakala ta zama abin wahala, kusan ko'ina sai ka zama jemage. Labari ya yi ƙaranci, aikin kawai ka kashe manyan dodanni biyar ka tattaro sassan Dracula: zuciya, ido, haƙori, haƙarƙari da zobe. Wahalar ma ba ta daidaita ba. Wani ɗakin a bugu uku an gama da kai, amma in ka dace da wasu makamai, kamar garkuwar Alucard haɗe da sandar da ke tayar da sihirinta, Dracula kansa ba ya minti ɗaya. Galamoth ne kaɗai ya sa ni gumi cikin sanyin nan, katon dodo mai jifa da walƙiya. Sau biyu ana ɗauke wuta ina tsakiyar faɗa da shi. Shawarata ga duk mai bugawa a garin nan, kada ka wuce ɗakin ajiye wasa ba ka shiga akwatin gawar da ake ajiye wasan a cikinsa ba, ko da yanzu ka fito daga wani.

Kiɗan Michiru Yamane ya isa a sayi wasan dominsa, musamman na laburare. Zanen ya tsufa da mutuncinsa, sai dai hoton ba ya cika faffaɗar talabijin, ana toshe gefe da ado. Ga iyaye kuma: akwai jini, ƙwarangwal da shigar da ba ta dace da ƙananan yara ba. Taswira, in an haɗa fadojin biyu, tana kaiwa kashi 200.6, ni ban cike ta ba tukuna.

Saura maganar na gaba. Wani abokina mai gidan gem a Rikkos ya dage sai Aria of Sorrow na 2003, wanda ke cikin Castlevania Advance Collection na 2021 tare da Circle of the Moon da Harmony of Dissonance. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Salon yawo da taswira iri ɗaya ne, Koji Igarashi da ya yi aiki a Symphony shi ya jagorance shi, labarin yana faruwa a 2035 cikin husufin rana, kuma jarumin, Soma Cruz, yana kama kurwar dodanni kamar maye, kowace kurwa da irin ƙarfin da take ba shi. Ya ƙara da cewa tarin yana da damar mayar da wasa baya in ka yi kuskure. Dominus Collection na 2024 kuwa ba ya hawa PlayStation 4, don haka na cire shi daga lissafi.

Na ce masa Aria zai jira ni zuwa bayan salla. Rondo of Blood zan buga. Na san ba irin wanda na gama ba ne: mataki-mataki ake bi, babu sulke, babu ƙarin ƙarfi, daga kai sai bulalar gidan Belmont da 'yan makaman da ka tsinta a kyandir. Amma shi ne labarin 1792, shekara biyar kafin Alucard ya farka, lokacin da Richter ya shiga fadar don ceto masoyiyarsa Annette, ya tarar da Maria tana yarinya 'yar shekara 12 a kulle. Ga shi yana cikin abin da na riga na biya. Mutumin nan na san shi yana cikin asiri, ina so in san shi yana cikin hayyacinsa.

Jiya bayan isha'i na fara. Garin yana ci da wuta, Richter yana tafiya da nauyi, in ya yi tsalle da wuya ka sauya shawara a sama. A mataki na biyu wani katon dodo mai ƙaho ya biyo ni a guje, na faɗa rami sau huɗu. Ƙanena ya miƙo hannu ya ce, "Yaya, kawo in gwada." Na ba shi, na ja bargo.