Daurar da ta sa na buɗe tsohon littafin miƙa aiki

Shekara tara ke nan ina aiki a wata mahaƙar zinariya a yankin Madina, ɓangaren injin farfasa dutse, kuma shekara uku ke nan ni ne mushrif, wato mai kula da aikin ayarinmu. Duk tsawon lokacin nan da littafi mai baƙin bango nake aiki: bel ɗin da ke jigilar dutse ya tsaya ƙarfe kaza, ya tashi ƙarfe kaza, in sa hannu in miƙa wa mai karɓa ta. Bayan Babbar Salla wani ƙanena da ke Makka ya matsa mini in shiga daura, wato kwas, ta mako shida da wata cibiya a Jidda ke yi ta intanet, kan tafiyar da aikin ma'adinai da kwamfuta. Ya ce, "Yaya, ka daure ka shiga, kada yaran da ke fitowa daga kwalejin ma'adinai ta Arar su wuce ka."

Ya yi gaskiya. Tun da shirin gwamnati na raya ƙasa zuwa shekarar 2030 ya ɗauki ma'adinai a matsayin ginshiƙi na uku na masana'antun Saudiyya, aikin ya canza fuska. Ma'aden, babban kamfanin haƙar ma'adinai na ƙasar da aka kafa a 1997, yau tana narka alminiyam a Ras al-Khair, tana sarrafa fosfat a Wa'ad al-Shamal. Masana'antu masu girman waɗannan ba a tafiyar da su da biro kaɗai.

Makonni ukun farko su ne suka biya kuɗina. Malaminmu injiniya ne Basudane wanda ya sha ƙurar aiki, ba ɗan ofis ba. Bai fara da dogon bayani ba, cewa ya yi kowa ya kwafe rubutun wata uku daga littafinsa zuwa Excel, ya ware kowace tsayawa da dalilinta da mintinta. Da an tambaye ni, zan rantse lalacewar babbar motar da ke juya injin ce ta fi cin lokacinmu, don ranar kowa ya ji a jikinsa. Da na jera su sai na ga ashe toshewar makwarara ce, in ƙaton dutse ya maƙale: minti biyar nan, minti takwas can, ba mai kai ƙara, amma jimillarsu ta zarce ta motar. Na zana sakamakon a Power BI, manhajar zana alƙaluma, na kai wa mudir, wato manajanmu, aka gyara ragar da ke tace dutse a bakin injin. Darasin SAP, manhajar tafiyar da ayyukan kamfani, ma ya yi amfani. Yanzu na san hanyar da rahoton lalacewa ke bi har ya zama takardar aikin kanikawa, da abin da ke sa kayan gyara su makale a sito.

Inda suka gaza, sun manta da masu aikin dare. Darasi kai tsaye bayan Isha'i ne, lokacin muna bakin inji, bidiyon kuma sai ya kwana biyu ba a ɗora ba, ga nauyi a intanet ɗin sansani. Makon ƙirƙirarriyar basira surutu ne kawai, ba mu taɓa komai da hannu ba. Masu aikin narka ƙarfe darasi ɗaya tak suka samu, na ji tausayinsu.

Duk mushrif ko shugaban kanikawa da ke da kwamfutar cinya ya shiga, amma ya fara neman littattafan miƙa aikinsa na baya, kuma ya tambayi jadawalinsu kafin ya biya. Ni na rubuta musu su buɗe ajin hantsi saboda masu saukowa daga aikin dare, sun ce za su duba.